Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: A Bar Doka Ta Riga Katafila Shiga Cikin Birni

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Alhaji Injiniya Abba Kabir Yusuf,
Gidan Gwamnati, Kano.



 

Ranka ya daɗe, mai wannan wasiƙa mazaunin cikin birni ne, kuma bai so maganar gine-ginen birnin ta kai ga shafin mujalla ba. Ta daɗe tana yawo. An yi ta a zaurukan masu unguwanni, an yi ta a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, masana gine-gine sun yi ta a tarukansu. Damina ta zo ta wuce, gini ya faɗi, a yi ta'aziyya, kowa ya koma harkarsa. Shi ya sa aka kawo ta nan, inda za ka gani, jama'a ma su gani. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kai aka nufa da ita saboda dalilai masu ƙarfi. Kai injiniya ne, kuma ka riƙe kujerar Kwamishinan Ayyuka daga 2011 zuwa 2015, don haka babu wanda zai koya maka bambancin rodi mai kauri da marar kauri. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar dukkan filayen jiha a wuyan gwamna. Sannan a 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta yi da Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane da bayar da izinin gini hurumin jihohi ne. Ke nan ba a Abuja makullin yake ba. Yana kan teburinka.

Ƙorafin kuwa guda ne, ko da yake rassansa suna da yawa: mutumin cikin birni ba ya haɗuwa da dokar gini sai bayan ya gama gini. Ba ya ganin ta lokacin da yake haƙa tushe. Yana ganin ta ranar da aka shafa wa katangarsa jan fenti, ko ranar da katafila ta tsaya a bakin lungu.

A fara da badala, domin ita ce ta sa ake cewa cikin birni. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma gina ganuwa. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka ƙara faɗaɗawa a ƙarni na 17. Tun 1959 aka ayyana ganuwar da ƙofofinta a matsayin kayan tarihi na ƙasa, dokar 1979 ta ba Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa alhakin kula da irinsu, kuma tun 2007 sunanta yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta amince da su. A takarda, babu ginin da ya fi ta kariya a Kano. Amma duk wanda ya bi titin Jami'ar Bayero daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, ya wuce Dukawuya har Kabuga, zai ga abin da takarda ta iya da wanda ba ta iya ba. A wani wurin tudun ƙasa ne ya rage, a wani wurin juji, a wani wurin kuma shago ne ko katangar wani ta hau kai ta zauna. Masu ɗibar ƙasa sun ci rabonsu, masu yanka fuloti sun ci nasu. Ita kanta Ƙofar Na'isa rushe ta aka yi a 2010 domin faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Nijeriya wurare biyu kacal take da su a babban jerin UNESCO, Sukur da kurmin Osun na Osogbo, alhali Agadas ta maƙwabtanmu, birnin ƙasa irin namu, ta shiga tun 2013. A ƙarshen 2024 an sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya na hukumar, Kanawa suka yi murna. To dawakin sun shiga, garun da suke ratsawa yana nan yana zaizayewa.

Mai Girma Gwamna, a watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da kai, ka soma rusau. Aka rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da shagunan filin Idi na Ƙofar Mata, da wasu wuraren da gwamnatinka ta ce an raba ba bisa ƙa'ida ba. Mutane da yawa sun yi maka tafi, kuma suna da hujja: filin Idi ba kasuwa ba ne, harabar makaranta ba fuloti ba ce. Amma dubi yadda lissafin ya ƙare. A watan Satumban 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke wa gwamnati diyyar naira biliyan 30 ga masu shagunan filin Idi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wanda ya raba filin gwamnati ce. Wanda ya rushe gwamnati ce. Ɗan kasuwar da ke tsakiya takardar gwamnati ce a hannunsa. Kuɗin diyyar kuma daga aljihun talakan Kano ya fito, wanda bai sayi shago ba, bai rushe ba. Idan dai kowace gwamnati za ta iya halatta abin da ta ga dama, mai biye mata ta haramta, to babu mai takardar da zai yi barci da ido biyu, kuma ita badalar ba ta tsira ba, jira kawai take a sake sauyin gwamnati.

A wancan lokacin an ji ka ce za a yi amfani da ɓaraguzan gine-ginen wajen gyara ganuwa. Niyyar mai kyau ce. Sai dai tsofaffin magina za su gaya maka garun ƙasa da ƙasa ake gyara shi, da tubali da yaɓe, kuma gyaran ba na shekara ɗaya ba ne. Da can aikin gayya ne, unguwanni suna fitowa bayan damina. Abin da zai tsare badala a yau shi ne taswira wadda aka auna, aka buga, aka kafa alamominta a ƙasa, aka kuma mayar da ita dokar majalisa, yadda ba za a sami wani jami'i ya sa hannu a kan fuloti a cikinta ba tare da ya san gidan yari yake saya wa kansa ba.

Sai maganar izinin gini da ingancinsa. Nijeriya tana da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006. Tana da hukumomin rajistar ƙwararru: COREN ta injiniyoyi, ARCON ta masu zanen gini, CORBON ta magina. Hukumar SON tana da ma'aunin ingancin bulo. Tun 2003 dokar inshora ta wajabta wa mai gina bene da ya haura hawa biyu ya yi masa inshora tun ana cikin aikin. Kano kuma tana da hukumar tsara birane, KNUPDA. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Duk da haka, ranar 30 ga Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut ya rufta kan mutane, aka yi asarar rai. A watan Afrilun 2024 wani ginin da ba a kammala ba ya danne ma'aikata a Kuntau, cikin ƙaramar hukumar Gwale. Waɗannan a bakin titi suke, inda motar ceto za ta iya isa.

Yanzu ka ɗauki irin wannan ka kai shi lungun Yakasai, ko Madabo, ko Alfindiki, ko Mandawari, inda Adaidaita Sahu ma sai ta yi dabara take wucewa. Cikin birni ba shi da sauran fili, saboda haka sama yake tafiya. Gidan gado ne, an raba shi kashi biyar. Wanda Allah Ya buɗa wa a cikin magada sai ya rushe rabonsa ya tayar da bene, sau da yawa a jikin katangar ƙasar maƙwabci, wani lokacin a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara. Babu gwajin ƙasa, babu zane, babu wanda ya ƙirga rodin da ke cikin ginshiƙi. Ruwan rufin sabon benen kuma ya riƙa sauka a gindin tsohuwar katangar, sai watan Agusta ya zo a ce ruwan sama ya rushe gida. Ba ruwa kaɗai ba ne, Ranka ya daɗe. Sannan tagar benen tana kallon tsakar gidan maƙwabci, abin da fiƙihun Malikiyya ya daɗe da hanawa a babin cutar da maƙwabci, kuma abin da ya fi komai haddasa gaba tsakanin dangi a lungunan nan.

Kududdufan nan sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. Ramukan da aka ɗebi ƙasar gina birnin ne, suka zama matattarar ruwan damina. An raina su saboda sauro da wari, aka yi ta cike su ana sayarwa. Ruwan da suke riƙewa bai daina sauka ba, hanya kawai ya sake, ya bi ta ɗakunan mutane. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta nuna abin da gini a kan magudanar ruwa yake jawowa, ta kuma nuna shi a inda asarar take da tsada. Aikin rufe kogin Jakara da shimfiɗa titin Wuju-Wuju, wanda aka soma kana kwamishina, ba zai yi cikakken amfani ba muddin lambatun unguwanni a toshe suke, ragowar kududdufan kuma ana ci gaba da yanka su.

Me ya sa mutane ba sa neman izini? Ba duka taurin kai ba ne. Yawancin gidajen cikin birni sun girmi takardar mallaka, shaidarsu ita ce maƙwabta da mai unguwa da takardar rabon gado ta kotu. Ƙa'idar da aka tsara domin fuloti mai faɗi a Nasarawa, mai cewa a ja baya kaza daga titi, a bar sarari kaza a gefe, ba ta da wurin zama a gidan da ɗaki biyu ne da tsakar gida. Ƙa'idar kuma da Turanci take, birkilan da zai yi aiki da ita da Hausa yake lissafi. Idan bin doka ya gagara, sai a koma ga abin da kowa ya sani: a yi ginin da daddare, ko a ga wani a bayan fage.

Mai Girma Gwamna, akwai mutumin da ba a cika ambata ba sai an zo ƙirga gawa, shi ne lebura. Da sassafe za ka gan su a bakin titi da shebur da diga, suna jiran mai ɗauka. Shi ne yake hawa tsanin katako da kwanon sarki cike da kankare a kansa ranar zuba dekin, ba hular kwano, ba takalmi, siminti yana cin tafin ƙafarsa. Ranar da ya faɗo, mai gini ya biya kuɗin ɗauri idan mai tausayi ne, a ce tsautsayi, a ɗauko wani gobe. Ga shi kuwa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ba ta ware shi ba. Ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu su sami diyya. Dokar Ƙwadago ta hana sa yara ƙanana aiki mai nauyi, amma ba a rasa ganin yaro, sau da yawa almajiri, yana jidar bulo. Gwamnatinka ta amince da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 a 2024, abin a yaba. Sai dai dokar ƙasa ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga, wato kusan duk wanda yake riƙe da cokalin gini a cikin birni.

Za a ce maka ƙwadago hurumin tarayya ne. Gaskiya ne. Amma izinin gini naka ne, kwangilar jiha ma taka ce. Babu abin da ya hana a ce ba za a ba da izinin bene ba, ba za a biya ɗan kwangila ba, sai an ga shaidar inshora da rajistar ma'aikata da kayan kariya a wurin aikin.

Batun da ya fi ba mai wannan wasiƙa takaici shi ne na ginin ƙasa. Duniya yau tana ta maganar gini mai sanyi wanda ba ya shan wuta, ba ya cutar da muhalli. Gwamnatin Tarayya ma ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017. Kanawa kuwa sun yi ƙarnoni suna yin sa. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sake shi sai dare ya yi, shi ya sa soro yake da sanyi a watan Afrilu lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa ba ya shiguwa sai da fanka, wutar kuma ba ta tsayawa. Azara daga giginya take, gara ba ta cika damun ta ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake yin ta, tana hana ruwa cin bango. Laso kuwa da katsin marina da gashin majema ake haɗa shi, wato abin da marinar Ƙofar Mata da majema suka zubar shi magini yake tsinta ya rufe soro. Bakan gizo da ɗaurin guga suna ɗaukar rufi mai faɗi ba tare da rodi ko ɗaya ba. Wanda yake shakka ya shiga Gidan Makama, ko ya je Zariya ya ga abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya bari a tsohon masallacin Juma'a tun ƙarni na 19.

Ba a ce ginin ƙasa ba shi da aibi ba. Yana son yaɓe a kai a kai, yana tsoron ruwan da ya kwanta a gindinsa, azara ta yi tsada domin giginya ta yi ƙaranci. Amma waɗannan duk an samo musu magani: tushe na dutse ko kankare, indararo mai tsawo, da bulon ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin wannan inji. A ƙauyen Dandaji na Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan bulo a 2018, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Masallacin Yama na Falke Barmu ya ci kyautar Aga Khan tun 1986. Francis Kéré na Burkina Faso ya ɗauki Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022, kuma da makarantar ƙasa ya soma suna. A nan kuwa buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, amma har yanzu gidan ƙasa alamar talauci ce a idon mutane, domin ba su ga gwamnati ta gina wa kanta irinsa ba. Tsofaffin gwanayen suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo ko tuƙa Adaidaita Sahu.

A taƙaice a taɓo haƙƙin fasaha. Makuba da laso ba za su sami takardar mallakar ƙirƙira ba, domin dokar 1970 sabon abu kaɗai take karewa, na tsawon shekara 20. Amma matashin da ya gyara injin matse bulo, ko ya samo sabon haɗin yaɓe mai jure ruwa, zai iya samu. Abin da bai sani ba shi ne dokar tana ba wanda ya riga shigar da takarda ne, kuma idan ya baza sirrin a Facebook kafin ya yi rajista, ya zubar da damarsa. Ofishin rajistar yana Abuja. Kano ta san zafin irin wannan: fatar da aka jeme a ƙasar Hausa ta yi ƙarnoni ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya, sai dai abin da ba a rubuta ba, ba a adana ba, da wuya a kare shi a gaban alƙali.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga abin da ake roƙo. Ka aika wa Majalisar Dokoki ƙudurin da zai ayyana iyakar badala da ragowar kududdufai da filayen jama'a, tare da Hukumar Gidajen Tarihi da masarauta, a buga taswirar kowa ya gani, hukuncin kuma ya hau kan jami'in da ya sa hannu kafin ya hau kan wanda ya saya. Ka sa a rubuta wa cikin birni ƙa'idar gini tasa ta kansa, gajera, da Hausa, boko da ajami, wadda ta san lungu da gidan gado da haƙƙin maƙwabci, a buɗe teburin izini a Birni da Kewaye da Dala da Gwale, kuɗinsa a rubuce a bango, shaidar mai unguwa da takardar gado su wadatar. Kada a ɗora hawa na biyu sai injiniya mai rajista ya duba tushe. Kada a sake rusau sai da sanarwa da wa'adi da damar zuwa kotu.

Ana kuma roƙon ka ɗaure izinin manyan gine-gine da kwangilolin jiha da kariyar lebura. Ka tara ragowar magina na gargajiya da malaman zanen gini na Jami'ar Bayero da ta Wudil, su rubuta ma'aunin ginin ƙasa tun masu ilimin suna raye, a kuma buɗe ƙaramin ofishi a Kano da zai riƙa taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajista. Sannan ka zaɓi makarantar firamare ɗaya ko asibitin sha-ka-tafi ɗaya a cikin ganuwa, ka gina shi da bulon ƙasa, jama'a su shiga a watan Afrilu su yi wa kansu alƙalanci.

Mai Girma Gwamna, duk abin da aka lissafa yana cikin ikonka, kuma mafi yawansa bai kai kuɗin gada ɗaya ba. Mutanen cikin birni suna roƙon ka soma da taswirar badala da ƙa'idar gini ta Hausa kafin damina mai zuwa ta faɗi.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalamu alaikum.

Daga wani mazaunin cikin birnin Kano.